Sunan da Inna Ba Ta Kira

Tun da na dawo daga Sudan ba a bar ni na sha fura cikin kwanciyar hankali ba. Ko ina ɗakin shan magani na Argungu inda nake aiki, ko ina majalisarmu ta bakin kasuwa, sai wani ya matso ya ce, "Malam Mu'azu, ya Hartum?" Kafin in buɗe baki ya riga ya fito da abin da ya kawo shi: "Wai gaskiya na Dakta Faruku shina buɗe kan mutum shi gyara shi mayar?" Wato ni da na sha rana da girgizar mota ba ni ake tambaya ba, Faruku ake tambaya. Na gaji da maimaitawa. Ga shi na rubuta, mai son ji ya karanta, wanda bai iya boko ba ya sami mai karanta masa, a bar ni in huta.

Ga wanda bai sani ba, Faruku taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata. Iyayensa sun rasu yana rarrafe, Inna ta ɗauke shi ta riƙe a gidanmu na Birnin Kebbi. Ni kuwa ɗan fari ne, ana yaye ni aka kawo ni Argungu wurin kakata. Kun san yadda uwa take da ɗan fari a wurinmu: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta yarda su haɗa ido. In magana ta zama dole, sai ta ce "wancan". Ban taɓa ganin laifinta ba, haka ta tarar ana yi. Amma in na je hutu na ga ta zaunar da Faruku tana cire masa ƙayar kifi da hannunta, ni kuma a miƙo mini kwanona ta hannun ƙanwata Kulu, wallahi abin yana cina. Yana cina har yau, ba zan ɓoye muku ba.

Makarantar midil tare muka yi a Sakkwato, kuma ku tambayi duk wanda muka zauna aji ɗaya, a lissafi Faruku bai taɓa kama ƙafata ba. Sai ga shi shi aka ɗauka kwaleji, daga can Ingila, ni kuma aka koya mini wanke gyambo da auna ruwan kwinin. Ya zama likitan ƙwaƙwalwa, mai binciken abin da ke kawo taɓin hankali, har wata jami'a a Hartum ta ɗauke shi yana koyarwa. Ni ina nan ina tsaga wa yara lamba.

Bayan samun mulkin kai da kaɗan Inna ta fara rikicewa. Ta zuba gishiri a miya ta sake zubawa, ta tashi za ta ɗaki ta ɓace a tsakar gidan da take shara tun tana amarya. Abin ya yi ta gaba har ta daina gane mutane. Duk namijin da ya yi sallama, ɗan garuwa ne ko limamin unguwa, sai ta washe baki ta ce, "Faruku, ka zaka? Ka ci abinci?" Ni kaɗai, in na taso daga Argungu na shiga, sai ta ja mayafi ta juya fuska bango, ta yi shiru har in fita. Da can ko ba komai takan tambayi Kulu, "Wancan ya ci?" Yanzu ko "wancan" ɗin babu. Na yanke a raina cewa uwata ta shafe ni, ɗan riƙo kawai ya rage mata.

An rubuta wa Faruku ba sau ɗaya ba. Amsa takan zo da gaisuwa mai yawa da sunayen magani, ba maganar zuwa. Sai Kawu Sambo, wan Inna, ya tara mu a zaure ya ce, "Takarda ta gaza. Mutum za shi tahi shi tsaya mai a ƙohwa. Mu'azu, kai ad da boko, kai za ka."

Na ce, "Kawu, ni za a aika in ɗauko Faruku? Ni?"

Ya ce, "In Allah ya sa ta warke, wa za ta gane in ba kai ba?"

Wannan maganar ce ta ɗaga ni. Ina son ko sau ɗaya kafin Inna ta bar duniya in tabbata ta san ni ne. Abokin aikina Malam Bitrus, mutumin Kagoro, ya ce zai riƙe mini ɗakin magani, ya kuma ƙulla mini maganin zawo da na ciwon ido, wai hanya ba ruwanta da dispensa.

Daga Argungu motar kifi na samu zuwa Sakkwato, aka ɗora ni bisa kwandunan busasshen kifi. Ƙaurin nan ya kama babbar rigata ya ƙi sakinta. A tashar jirgin ƙasa ta Gusau kyanwoyi suka raka ni har bakin tarago. A Kano na yi fasfo da katin allura, Kanawa suna ta sa ni in maimaita magana don su yi dariya. Na ce musu su je su koyi Hausa tukuna. A can na shiga motar masu niyyar hajji ta ƙasa, wadda za ta Maiduguri.

A cikin motar nan Allah ya haɗa ni da Malam Tukur, wani dattijo manomi daga Ambursa, da buhun shinkafarsa ta fadama da ya rantse sai a Makka za a kwance. Yana jin harshena ya ce, "Kai, mutumin gida na! Ɗan wane gida?" Na faɗa masa. Sai ya dafe ƙirji: "Gidan su Dakta Faruku? Wanda anka ce Turawa ka tashi tsaye in ya shigo?" Ya juya ya sanar da mota kaf. Daga ranar har muka rabu ba wanda ya tambayi sunana. "Ɗan'uwan Dakta, miƙo buta." "Ɗan'uwan Dakta, duba min idon ga." In na ba su magani suka ji sauƙi, sai su ce albarkar Dakta ce. Maganin Bitrus ne fa, kuma hannuna ne ya bayar.

Iyaka ta farko a Gamboru take. Jandarmomin can Faransanci suke ji, Turancin da nake taƙama da shi bai tsinana mini komai ba. Wani daga cikinsu ya soki buhun Malam Tukur da tsinin ƙarfe don ya ga abin da ke ciki, tsoho ya durƙusa yana tsince shinkafa ƙwaya-ƙwaya, yana Allah ya isa cikin ladabi. Muka ratsa ɗan yankin Kamaru muka iso wani babban kogi, Fallomi babban birnin Cadi tana tsallake. Ni mutumin Argungu, ina shiga jirgin fito sai na miƙe tsaye ina gyara wa masu tuƙi riƙon filafili. Jirgi ya yi tangaɗi, hulata ta faɗa ruwa, ni ma saura ƙiris in bi ta. Malam Tukur ya jawo bakin rigata ya ce, "Zamna, ɗan'uwan Dakta, kak ka ja muna abin hwaɗi."

A Fallomi mun sauka a zangon Hausawa, gidan wani Bakatsine da ya fito hajji tun yana saurayi, ya zo nan ya yi aure, har yau wai yana kan hanya. Abu biyu suka ba ni mamaki a garin. Burodinsu dogo ne kamar sanda, a hammata ake saƙale shi. Motocinsu kuma hannun dama suke bi, ba hagu irin namu ba. Na duba inda na saba dubawa na taka titi, wani mai keke ya kwashe ni muka zube tare. Ya zage ni da Faransanci, na rama da Sakkwatanci, muka rabu kowa ya gamsu.

Hanyar Abashe kuwa ba hanya ba ce, yashi ne da sawun waɗanda suka riga ka. Mota ta kafe, mu sauka, a shimfiɗa farantan ƙarfe ƙarƙashin taya, mu tura, mu hau, ta sake kafewa. Larabawan can ba abin da ke damunsu. Mota na mutuwa sai su hura gawayi su ɗora shayi, baƙi ƙirin, sukari ya fi ruwa yawa, a zuba maka a ɗan mitsitsin kofin gilashi. Mu da muka saba da ƙwaryar fura mai cika ciki, sai ka shanye a kurɓi ɗaya ka zauna kana jiran abincin ya biyo baya, ashe an gama.

A Junaina, ƙofar Sudan, akwai wurin da ake tsare matafiya a duba lafiyarsu. Malamin asibitin, wani siririn mutum mai farin rawani, ya juya katina ya ce bai yarda da hatimin ba, sai an sake mini lambar agana. Ni da na tsaga wa rabin Argungu! Na miƙa dantse ina huci, ya tsaga, kuma ba don son kai ba, hannunsa ya fi nawa nauyi. Sai Malam Tukur, da ba wanda ya tambaye shi, ya harhaɗa ɗan Larabcinsa na allo ya ce wannan ɗan'uwan Dakta Faruku ne na Hartum. Mutumin ya ajiye askarsa ya miƙe tsaye.

Ashe ya taɓa zama gaban Faruku a wani kwas. Ya zaunar da ni ya yi ta zuba da Turanci. Wai da can in an kawo musu mutum yana sambatu yana fisge-fisge, mari kawai suke sa masa su ɗaure a turu. Faruku ne ya koya musu su fara taɓa goshi, su lanƙwasa wuya, su duba jini, domin sau da yawa zazzaɓi ne ko sanƙarau ya hau ƙwaƙwalwa, in an yi maganinsa hankali ya dawo. Ya nuna mini wasu sarƙoƙi rataye a bango sun yi tsatsa, ya ce aikin ɗan'uwanka ne. Ya bar mini gadonsa na igiya, ya sa aka yanka kaza. Na ci kazar, ba zan yi ƙarya ba, amma ba ta yi mini daɗi ba.

Daga nan mota zuwa Nyala, sai jirgin ƙasa mai tafiyar hawainiya, mutane har bisa rufinsa. Mutanen Sudan dai ba su san rowa ba. Duk wanda ya kwance ƙunshinsa sai ya kira na kusa da shi, ko bai taɓa ganinsa ba. Abincin dafaffen wake ne da man riɗi, da wata siririyar waina mai tsami da suke kira kisra. Gaisuwarsu ma daban take: a dafa kafaɗarka tukuna sannan a ba ka hannu, kuma ba mai durƙusa wa babba. Na farkon da ya kawo mini hannu kafaɗa sai da na goce, na ɗauka faɗa ne. A tashar Hartum muka rabu da Malam Tukur, shi zai wuce bakin teku. Ya riƙe hannuna ya yi mini doguwar addu'a, ya saɓa buhunsa, har ya juya sai ya ce, "Af, ɗan'uwan Dakta, wai mi as sunanka?"

Hartum gari ne na koguna biyu da suka haɗu, ɗaya fari-fari ɗaya mai duhu. Na tsaya kan gada na tuna gulbinmu. Ko kogi ma na Faruku ya fi nawa. Ban sha wuyar samun asibitin jami'ar da yake aiki ba, mai tasi na jin sunan Faruku ya daina ciniki. Na hango shi a baranda cikin farar riga, ɗalibai sun bi bayansa kamar 'yan kaji, har da wasu Turawa masu furfura, kowa da alƙalami a hannu. Ya yi ƙiba, gashi ya fara janyewa daga goshinsa. Wannan kam ya yi mini daɗi.

Tun daga Nyala na tanadi gaisuwa ta mutunci. Amma ina ganinsa bakina ya riga ni, na ɗaga murya yadda taubasai ke yi: "Kai bawana! Gudu kay yi? To ubangidanka ya zaka!" Wani ma'aikaci Bahaushe haifaffen can, da ke tura keken marasa lafiya, ya saki baki, ya fassara wa na kusa da shi, kafin ka ce kwabo masu gadi sun nufo ni. A ƙasar nan kiran mutum bawa ba abin wasa ba ne. Faruku ya juyo, ya cire tabarau, ya ƙyalƙyale da dariya har ya dafa bango. Ya faɗa wa masu gadin wani abu da Larabci suka koma, sannan ya ce mini, "Wa ab bawan wani? Dube ka, ƙaurin kihi tun daga Argungu!" Ya rungume ni a gaban kowa. Na so ƙwarai in tarar ya yi girman kai, in sami abin kawo muku. Bai yi ba, wannan ma ya ƙara mini haushi.

Washegari ya zagaya da ni wurin aikinsa, kuma ga amsar tambayarku: ba ya buɗe kan kowa. Akwai wata na'ura mai wayoyi da yawa, a liƙa su a fatar kan mutum, wasu allurai su yi ta zane a doguwar takarda. Shi kuma ya duba zanen ya ce wannan farfaɗiya ce, wannan ƙari ne, wannan ba ko ɗaya. Akwai ɗakin fararen ɓeraye da ake ba abinci a kan lokaci, sun fi wasu mutanenmu jin daɗi. Akwai ƙwaƙwalwar mamata cikin kwalabe, ana yankar ta siriri-siriri a duba a madubin likita. Abin da yake nema, in ji shi, shi ne ya nuna taɓin hankali ciwo ne na jiki irin ciwon hanta, akwai wasu ruwaye a ƙwaƙwalwa da in sun yi yawa ko sun gaza sai tunani ya karkace. Na ce to aljanu fa? Ya ce shi dai abin da zai iya aunawa yake bi. Ya liƙa mini wayoyin don in gani, ya duba takardar, ya faɗa wa ɗalibansa da Turanci cewa komai lafiya lau, sai dai layin hassada ya yi tsawo. Suka yi dariya, ni ma na yi, ta dole.

Abin da na lura da shi a kwanakin da na yi can, ba shi kaɗai ke aikin ba. Ɗalibansa sun watsu, wani a Habasha, wani a Yuganda, wani ya koma Masar, kowa ya kafa ɗan nasa ɗakin bincike yana aiko da tambaya. In ya yi magana a taro sai ka ga kawuna sun sunkuya ana rubutawa. Ni na san shi yana kukan allura, na tsaya a bayan ɗaki ina ta tuna wa kaina hakan, bai rage komai ba.

Gidansa na hukuma ne, da fanka a rufi da firiji. Matarsa Amna 'yar can ce, tebur ɗaya suke ci, kuma "Faruku" take ce masa gatsal, ba sakayawa. Wannan duk na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya 'yarsu ta fari ce. Uwar ta ɗora ta a cinya a gabana, tana kiran sunanta tana sumbatar goshinta, ko kunyar baƙo babu. Na ce a raina wannan wace irin ƙasa ce. Sai kuma na kama kaina ina kallon yarinyar, ni da gemuna, ina jin kishinta.

Wata rana bayan la'asar, muna shan shayi a baranda, na fito da maganar da ta kawo ni. Na ce, "Kawu ya ce in taho da kai. Goggonka ba ta da magana sai taka."

Ya daɗe yana juya cokali. Ya yi mini tambayoyi irin nasu, yaushe ta fara, tana samun barci, tana gane hanyar bayi. Sannan ya ce, "Mu'azu, ba ni yi maka ƙarya. Ciwon ga na san shi, na yanka ƙwaƙwalwar masu shi, na ga yadda taka motsewa. Ba ni da maganinai. Babu mai shi, ko Ingila."

Sai fushi ya taso, na ce, "To mi ah amfanin ɓerayenka? Kai ba ka da asara, ko ɗan garuwa yas shigo Faruku na. Ni ta mance ni ƙaƙaf." Na kwashe yadda take yi mini na faɗa masa.

Ya ajiye kofi. "Tsaya. Baƙon da ba ta taɓa gani ba, in ya shigo mi taka yi?"

"Ta gaishe shi, ta ce mai Faruku."

"Kawu Sambo hwa?"

"Shi ma Faruku na."

"Kai kaɗai taka juya ma baya?"

"Ni kaɗai."

"Ba ta taɓa kuskure ta ce maka Faruku ba?"

"Ko sau guda."

Ya girgiza kai. "Kai da kaka cin mu lissahi! In da ta mance ka, ai baƙo kake, da ta gaishe ka ta laƙa maka sunana awa kowa. Wa mace ka ja ma lulluɓi ta juya baya, in ba suruki ko ɗan hwari ba? Kai kau ba surukinta na ba." Ya ce abin da ya daɗe yana gani ke nan a tsofaffin da yake bincike: ciwon yana fara cin sabon abu, fuskoki da ranaku da abin da aka ci da safe, amma abin da jiki ya daɗe yana yi shi ke saura har ƙarshe. Ya ce har gardama ya sha yi da Turawan nan, masu gwada tsohuwa da cewa ta lissafa sunayen 'ya'yanta, in ta tsallake na fari su rubuta ta manta. "Su ban ga laihinsu ba," in ji shi. "Kai ɗan gida, mi as same ka?"

Sai na juya maganar kansa, na ce, "To kai mi ah hana ka zuwa?"

Ya kawar da kai. "Tsoro. Sunana ag gare ta, ba ni ba. Faruku nata yaro na mai gajeren wando. In na tsaya gabanta da sanƙon ga, ban san mi za ta gani ba. Kai ta aje ka inda ciwon bai kai ba. Wallahi Mu'azu, ina kishinka."

Ni! Na ratsa ƙasashe ɗauke da kishinsa a ka, ashe shi ma yana zaune ƙarƙashin fanka da nasa. Na ce, "Tashi ka haɗa kaya, bawa ba shi gardama da ubangidanai." Ya yi murmushi, wannan karon bai rama ba.

Dawowa ba ta da labari, abin haushin ke nan. Jirgin sama ya sa mu. Hanyar da ta cinye mini hula da takalmi da fatar dantse muka shafe ta tsakanin hantsi da la'asar. Na leƙa ta taga ina neman inda muka tura mota, ban ga komai ba. A Kano motar gwamnati aka ba shi, wai babban baƙo, aka sa ni gaba kusa da direba.

Washegari da hantsi muka shiga Birnin Kebbi. Kulu ta rangaɗa guɗa, unguwa ta cika zaure, kowa Dakta, Dakta. Inna tana zaune bisa tabarma a inuwar ɗakinta, ta rame, ƙwaryar fura a gabanta. Na ce masa ya fara shiga, ni na tsaya bayan zana ina leƙe. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa da kwat ɗinsa da tabarau, ya ce, "Goggo, ina kwana."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara zama irin na karɓar babban baƙo. "Lahiya lau, Malam. Daga ina?"

"Daga gabas, Goggo."

"Gabas? To ko ka ga Faruku can? Yaro na ɗan siriri, ba shi iya cire ƙayar kihi."

Duk mazan duniya Faruku ne a wurinta, ban da Faruku. Tun ina yaro nake jiran ranar da zan ga an ƙi shi a gidan nan. Ga ta ta zo, na nemi daɗin a raina na rasa. Ya ce mata, "Na gan shi, Goggo. Shina lahiya, shina gaishe ki." Sannan ya waiwayo, idanunsa jawur, ya yafuto ni.

Na yi sallama na shiga. Tana jin muryata ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya bango, ta yi tsit kamar yadda ta saba. Na zauna a bayanta, nesa kaɗan. Can sai hannun Inna ya lallaɓo ta baya, ba ta waiwayo ba, ta turo ƙwaryar furar nan a hankali har ta taɓa gwiwata.

Faruku ya ce ƙasa-ƙasa, "Sam min."

Na ce, "Wallahi ba ka sha."

Na ɗaga ƙwaryar na shanye ta tas.